Jarrabawar da Aka Shirya Kelvin Ya Faɗi

Noelene Pascoe ta taka birki a ƙofar gidan Kelvin Treloar da ƙarfin da ya sa karenta, da ke tsaye a bayan a-kori-kurar, ya zame ya bugi ƙarfe. Ba ta kashe mota ba. Ta danna hon sau uku, ta jira, sannan ta ɗora hannu a kai ta bar shi yana ihu har sai da labulen taga ya motsa.

Kafin ya fito ta ƙare wa gidan kallo. Matattun motoci biyu a tsakar gida, ciyawa ta tsiro ta cikin tayoyinsu, kaza ta mayar da kujerar direban ɗaya wurin kwanci. Wannan fa gidan bakanike ne mai takardar shaidar gyaran manyan injuna. Ta ja tsaki mai tsawo.

Ya fito da gajeren wando da silifa yana kare ido daga rana, ƙarfe goma na safe. Shekararsa arba'in da ɗaya, amma tafiyar ta ɗan sittin ce.

"Noelene? Lafiya kuwa? Mutuwa aka yi?"

"Da mutuwa aka yi ai da sauƙi." Ta miƙo masa takarda ta tagar mota. "Kai ka aiko min da wannan?"

Ya karɓa, ya nesanta ta da idonsa, ya karanta. "Kash! Garejinki ne? Na rantse ko sunan ban duba ba."

Abin da ya kawo ta ke nan, kuma duk mazaunin Tarrawong ya san yadda ake yin abin. Shekara huɗu da suka wuce, bayan bakanikenta na ƙarshe ya gudu birni ta yi wata goma sha ɗaya ba ta samu ko mai riƙe sifana ba, ta ɗauko Rodel Magbanua daga Filifin. Ta ɗauko shi ne a ƙarƙashin yarjejeniyar nan da ƙananan hukumomin yankin suka ƙulla da gwamnatin tarayya, wadda ta yarje wa garuruwan da matasa suka watse suka bari su kawo ƙwararru daga waje. Yanzu bizarsa saura mako biyar ta ƙare. Kafin a sabunta, doka ta ce sai an tallata aikin kwana ashirin da takwas, don a tabbatar babu ɗan ƙasa da zai iya. Irin wannan talla ba a amsa ta. Gidan kula da tsofaffi yana yin ta, otal yana yin ta saboda mai dafa musu abinci, kowa ya karanta ya gane aikin wane ne, ya wuce abinsa. Kwana ashirin da bakwai shiru, kamar yadda ya kamata. A rana ta ƙarshe sai ga takardar Kelvin, da shaidarsa ta gaske, da lambarta da hatiminta.

"Ofishin marasa aikin yi ne," in ji shi yana sosa ciki. "Duk wata sai na nuna musu na nemi aiki wuri ashirin, in ba haka ba su tsayar da ɗan abin da suke ba ni. Ni dannawa kawai nake yi. Har aikin gyaran farce na nema a Perth."

"Da sun ɗauke ka ai da gari ya huta. Janye ta."

"In na janye za su gani."

"To in ba ka aikin, ka ce ba ka so."

"Haba, Noelene. Wannan ai shi ya fi muni. Wanda aka ba aiki ya ƙi, ranar suke yanke shi. Ki rubuta ban dace ba mana, ai ba ƙarya kika yi ba."

Ta dube shi tun daga silifa har suma. Gaskiya ne, ba ƙarya ba ce, amma tun da sassafe ejan ɗinta na takardun biza da ke birnin Perth ya toshe wannan hanya. Wani mutum ne mai laushin murya wanda bai taɓa taka Tarrawong ba, kuma yake kiran garin da sunan da ba nasa ba. Ya ce mai takardar shaida ba a korarsa da baki. Sai an yi masa gwajin aiki a gaban shaida, an rubuta sakamako, an sa hannu. In ya ci, to ɗan ƙasa ya samu, gurbin da take nema wa Rodel ya rufe.

"Ka zo gareji ƙarfe biyu," ta ce. "Za a sa maka inji a gaba, a ba ka rabin awa. Ka leƙa nan, ka taɓa can, ka sosa ƙeya, ka ce ka kasa. Aikin da ka fi ƙwarewa a kai ke nan, ba sai na koya maka ba."

Ya haɗiye maganar kamar yadda ya saba haɗiye irinta. "Wa da wa za su kasance?"

"Ni, da Rodel, da Bronwyn ta ƙungiyar 'yan kasuwa."

"Ban da mutanen gari, don Allah. Zan faɗi, na yarda, amma ba a gaban jama'a ba."

"Wa ke da lokacin kallonka?" Ta sa giya ta ja mota, ta bar shi tsaye da takardar a hannu.

Ta san shi tun yana ɗan shekara sha bakwai, ranar da mijinta Barry ya ɗauke shi koyon aiki. Barry ya koya masa duk abin da ya sani, yana yawo da sunansa a baki kamar ɗan cikinsa. Shekara tara da suka wuce, ana tsakiyar girbin alkama, Barry yana kwance asibiti, injunan girbi shida suna layi, Kelvin ya ajiye makulli a kan tebur ya tafi wurin haƙar zinariya inda albashi ya fi tsoka. Ya dawo bayan shekara biyar da ciwon baya, babu mata, babu motar da ke tashi. Barry bai taɓa zaginsa ba har ya mutu. Noelene ce ta ɗauki wannan aiki a madadinsa, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Ta tarar da Rodel a gareji, rabin jikinsa a cikin injin girbin Des Fogarty. Da jin motarta ya sauko yana goge hannu. Gajeren mutum ne mai furfura a gefen kai, ɗan shekara hamsin da biyu, wanda bai taɓa makara ba sai ranar da aka yi wa matarsa Luz aikin ido. Tun da ya zo aka zana wa kowace sifana wurinta a jikin allo, aka daina neman abu a garejin.

"Ya yarda, Madam?"

"Ya yarda mana. An ce masa ya kasa yin abu, ina zai ƙi? Ka sa wa injin nan matsala."

Rodel ya murza tsumman da ke hannunsa. "Wace iri?"

"Mai wuya. Bronwyn ba ta san sifana da cokali ba, amma za ta tambaya, za ta rubuta. Kada gobe wani a ofis ya ce wasan yara muka yi."

"Madam, ba na jin daɗin abin nan. Mutum ne mai sana'a. A tara masa ido ya ce ya kasa..."

"Mai sana'a? Kaza ce ke kwanci a motarsa." Ta ajiye makullin mota da ƙarfi. "Kai ka yi tunanin 'yarka Maricel. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama sakandare, kai ma shekara ɗaya ta rage a ba ka takardar zaman dindindin. Ka san a shekarunka babu inda za su karɓe ka sai yankin nan, kuma babu garejin da zai gama maka takardu cikin mako biyar. Tausayin Kelvin za ka ji ko na 'yarka?"

Rodel ya ajiye tsumman. Ya ɗauki fitila ya koma cikin injin, ya daɗe. Da ya fito ya ce ya sa biyu: ya tura ɗan guntun roba cikin bututun mai a bayan matata, inda ido ba ya kaiwa, ya kuma sassauta wata 'yar waya a ƙarƙashin kujera. Ya ce shi kansa da wani ya yi masa haka, zai yi awa guda yana nema. Sannan ya zauna a kan benci ya buɗe kwanon shinkafa da kifin da Luz ta zuba masa, ya yi ta kallonsa bai ci ba.

Bronwyn Haskett ta iso saura minti goma, da katin shaida a wuya da fayil a ƙirji. Ita ce sakatariyar ƙungiyar 'yan kasuwan yankin, kuma duk takardar neman ɗauko ma'aikaci daga waje sai ta bi ta teburinta kafin ta tafi gwamnati. Yarinya ce 'yar shekara talatin da ke ɗaukar kowane fom kamar wasiyyar mahaifinta. Noelene ba ta gaya mata shirin ba, don irin su Bronwyn ba a gaya musu, barin su ake yi su gani su rubuta.

"Sannu da aiki, Misis Pascoe. Ina zan zauna in riƙa ganin komai?"

"Zauna duk inda ba zai ɓata miki siket ba."

Wanda ba a gayyata ba shi ne Des Fogarty, amma injinsa ne, kuma a Tarrawong labari ba ya kwana. Ya iso da maƙwabtansa biyu, suka jawo gangunan mai suka zauna a inuwa suna korar ƙuda da huluna. Des dattijo ne mai gonar alkama wadda mota ke minti ashirin ba ta kai ƙarshenta ba. Duk Juma'a a mashaya shi ke buɗe taro da cewa baƙi sun cinye ayyukan 'yan ƙasa, duk Litinin kuma shi ke bugo waya ya ce kada kowa ya taɓa masa inji sai Rodel. Bai taɓa ganin saɓani tsakanin maganganun biyu ba.

Noelene ta tuna roƙon da Kelvin ya yi mata da safe, kada a tara masa mutanen gari. Kalma ɗaya za ta faɗa su tashi. Ta dube su, ta ga shaidu uku kyauta, ta kuma ji wani ɗan daɗi a ranta wanda ba ta tsaya ta tambayi kanta daga ina yake ba. Ta bar su.

Kelvin ya zo a ƙafa, ya yi aski, ya sa takalmin aiki. Rigar da ke jikinsa kuwa tsohuwar rigar garejin ce ta zamanin Barry, shuɗiya, da sunan Pascoe a saman aljihu, maɓallan ciki suna neman tsinkewa. Noelene ta ga rigar nan, ta kawar da ido. Shi kuma da ya hango mutanen da ke kan ganguna sai ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya juyo ya dube ta.

"Injiniya ya iso!" in ji Des yana tafi. "A ba shi hanya, jama'a. Kai Kel, ka tuna ta ina ake shiga gareji kuwa?"

Maƙwabtan suka kwashe da dariya. Kelvin ya sunkuyar da kai ya shigo.

Bronwyn ta karanta sharaɗi da muryar mai rantsar da shaida: injin ba ya tashi, minti talatin, duk kayan aikin da ke jikin allo an yarda ya ɗauka. Ta danna agogon wayarta.

Gaskiya Kelvin ya cika alƙawari. Ya zagaya injin sau biyu. Ya buɗe murfi ya leƙa. Ya ƙwanƙwasa batir da yatsa, ya ja fambel ya sake shi, ya duba mai da sanda ya goge ya sake dubawa. Ya ɗauki sifanar da ba ta dace da komai ba, ya juya ta, ya mayar. Des ya fito da waya yana ɗauka, yana bayani kamar mai sharhin ƙwallo.

"Ga shi nan, ya gano taya. Taya huɗu ne, Kel, ka ƙirga da kyau. Kun ga abin da nake faɗa muku? Yaranmu sun lalace, shi ya sa ake kwaso mana mutane daga ƙetare."

"Minti ashirin," in ji Bronwyn.

Kunnuwan Kelvin sun yi ja, gumi ya jiƙa bayan shuɗiyar rigar. Ya ci gaba da taɓe-taɓensa. Rodel yana tsaye jikin allo, hannuwa a baya, idonsa a ƙasa kamar shi ake yi wa dariyar. Komai yana tafiya daidai. Abin da ya rage kawai lokaci ya cika, Kelvin ya ce ya kasa, a sa hannu, kowa ya kama gabansa.

Sai Kelvin ya ɗaga hannu ya sosa ƙeya, kamar yadda ta umarce shi, kuma ya yi shi daidai yadda Barry yake yi idan inji ya ɗaure masa kai, da yatsu uku, kai a karkace. A cikin rigar Barry. Noelene ta ji maganar ta taso mata, ba ta ko yi ƙoƙarin tare ta ba.

"Ku ƙyale shi, Des," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ba laifinsa ba ne. Barry ya mutu yana cewa bai taɓa ganin hannu irin na yaron nan ba. Ni kuwa tun a lokacin na san gaskiya. Barry ne ke gyara, wannan yana riƙe masa fitila. Gara da Allah ya ɗauke shi bai ga ranar nan ba."

Dariyar da ta biyo baya ba ta yi ƙarfi ba. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya kawar da kai.

Kelvin ya sauke hannunsa a hankali. Ya tsaya yana kallon injin, ba ita ba. Sannan ya miƙa hannu gefe ba tare da ya waiwaya ba.

"Ɗan'uwa, ba ni mai lamba goma sha uku."

Hannun Rodel ya riga tunaninsa. Shekara talatin yana aikin gareji, inda in abokin aiki ya miƙo hannu ake sa masa abin da ya nema. Sai da sifanar ta bar hannunsa sannan ya ɗago ya dubi Noelene.

"Des, ajiye wayar nan ka hau ka murza makulli," in ji Kelvin. Muryar ba ta mutumin da ya fito da silifa da safe ba ce. Des ya miƙa wa maƙwabcinsa wayar ya ci gaba da ɗauka, ya hau. Ya murza, shiru, ko ƙyas. Kelvin ya ce wa Des ya ɗaga ƙafa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera har kafaɗa, idonsa a rufe, ya lalubo, ya ɗaure. "Sake." Injin ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. Kelvin ya karkata kai yana saurare. "Sake." Ya ɗora tafin hannu a kan bututun mai, yana bin sa taƙi bayan taƙi kamar mai neman inda ƙashi ya karye. Ya wuce matatar, ya tsaya. Ya durƙusa, ciwon bayan ya sa shi ya yi nishi, ya kwance mahaɗin, ya hura, ya zaro ɗan guntun baƙin roba ya ajiye a kan fayil ɗin Bronwyn.

"Kelvin," in ji Noelene. "Kelvin!"

Bai ji ta ba, ko ya ji bai kula ba. Ya ɗaure, ya fitar da iskar da ta shiga bututun, ya ɗaga wa Des yatsa. Injin ya kama da ruri har kwanon rufin garejin yana rawa, karen ya ruga waje da gudu.

Kelvin bai yi murmushi ba. Ya tsaya yana saurare, ya nuna gefen hagu da sifana, ya ɗaga murya yana yi wa Rodel magana. "Boris ɗin can da ƙarfen ke juyawa a kai ya kusa lalacewa. Ka ji shi?"

"Na ji," in ji Rodel. "Na aika a kawo sabo tun Litinin."

Suka gyaɗa wa juna kai. A cikin mutum bakwai da ke wurin, su biyu kaɗai suka ji wannan ƙara.

Des ya kashe injin.

"Minti ashirin da takwas," in ji Bronwyn a hankali, ta rubuta.

Noelene ta kama hannunta ta ja ta cikin ɗan ofis, ta tura ƙofa da ƙafa. "Saurara, 'yar nan. Wannan mutumin ba zai yi mako uku ba. Na san shi, ke ma kin san shi, gari duka ya san shi. Zai bar ni a tsakiyar girbi kamar yadda ya bar mijina. Ki rubuta ya wuce lokaci. Minti biyu ne."

"Misis Pascoe, mutum uku sun gani, kuma yana cikin wayar Des. Kafin yamma rabin gari ya kalla." Bronwyn ta rungume fayil ɗinta. Ba ta ja da baya ba. "In aka kama takardar ƙarya ɗaya daga teburina, ba ke kaɗai za a duba ba. Akwai ma'aikatan jinya tara 'yan ƙasar waje a gidan tsofaffi, har da matar Rodel tana jiran tata takardar. Ni ba zan iya ba. Da bai zo ba, ko da ya kasa, da yanzu na sa miki hatimi na tafi."

"To me ya rage?"

"Ki ba shi aikin. In ya ƙi a rubuce, shi ke nan, an nemi ɗan ƙasa ya ƙi, takardar Rodel ta wuce."

Noelene ta fito. Kelvin yana zaune a kan matakalar injin, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, yana kallonsu kamar na aro ne. Ƙarfin da ya taso masa ɗazu ya sauka, ya koma mutumin safe, sai dai yanzu ya san abin da ya aikata.

Ta tsaya a kansa ta rage murya. Rabonta da ta yi masa magana a hankali shekara tara. "Na ba ka aikin. Ka ce ba ka so, ka sa hannu, ka tafi gida."

"Kin san ba zan iya ba."

"Za ka iya. Ka taɓa ajiye makulli ka tafi, ba sabon abu ba ne."

"In na ƙi, ranar za su yanke ni. Da me zan ci? Wa zai ɗauke ni a garin nan bayan abin da kika yi shekara tara kina faɗa a kaina?" Ya ɗago ya dube ta, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. "Na zo in faɗi, Noelene. Na yi aski na zo in faɗi a gaban Des Fogarty saboda mutumin can. Abu ɗaya ya rage a yi, ki yi shiru na minti goma."

Ta buɗe baki. Tun tana yarinya ba a taɓa faɗa mata magana ta rasa amsa ba. Ta rufe shi.

Rodel ya zo ya karɓi sifanar daga hannun Kelvin, ya goge ta tsaf, ya rataye ta a wurinta a jikin allo. Ya rufe kwanon abincinsa ya sa a jaka. Sannan ya dawo ya tsaya gaban Kelvin.

"Jak ɗin can na biyu yana maƙalewa, sai ka buga masa ta gefe. Makullin ɗakin mai yana bayan kalanda. Sabon boris zai iso ranar Alhamis." Ya gyara riƙon jakarsa. "Aikinka yana da kyau. Robar nan na ɓoye ta sosai."

"Ɗan'uwa, ni ban yi nufin..."

"Na sani."

Ya juya wurin Noelene, ya cire hularsa kamar yadda yake yi kullum in zai nemi wani abu. "Madam, ina so in tashi da wuri yau. Gara Luz ta ji daga bakina kafin ta gani a wayar mutane."

Ta gyaɗa kai. Ya fita ta ƙofar baya, ya wuce 'yan bishiyoyin lemon tsami uku da ya dasa a jikin katanga shekarar da ya zo, waɗanda sai bana suka fara 'ya'ya. Ya tsaya ya buɗe musu famfo kamar kowace rana, sannan ya hau kekensa.

Bronwyn ta shimfiɗa fom a kan benci, ta ture guntun robar gefe, ta nuna layin da yatsa. An samu ɗan ƙasa wanda ya dace da aikin? Akwatuna biyu ne. Ta miƙo biro.

Des ya sauko daga kan injin yana gyara wando, ya karɓi wayarsa, ya dubi Kelvin, ya dubi ƙofar da Rodel ya fita, fuskarsa ta nuna sai yanzu lissafin ya fara shigarsa.

"To wai tsaya, Noelene," ya ce. "Wa zai sa min boris ɗin ranar Alhamis? Ni fa kin sani, ban yarda kowa ya taɓa min inji ba sai Rodel."

Noelene ta karɓi biron. Ta ji ruwan famfo yana zuba a bayan katanga, babu wanda ya tashi ya rufe.